Masu Gadin Kwando a Gasar NBA

A watan Afrilun 1956, Red Auerbach, mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Boston Celtics, ya yi wani ciniki wanda in a takarda aka duba shi sai a ce ya faɗi warwas. Ya ɗauki Ed Macauley, ɗan wasan da ya saba kawo masa maki kusan 19 a kowane wasa, ya haɗa da Cliff Hagan da ke shirin dawowa daga aikin soja, ya miƙa su duka ga ƙungiyar St. Louis Hawks. Abin da ya karɓa a madadinsu shi ne wani saurayi baƙar fata mai shekara 22 daga Jami'ar San Francisco, wanda kowa ya san hannunsa ba shi da saiti in ya yi nisa da kwando. Saurayin ma ba zai iso ba sai Disamba, domin zai tafi Melbourne ya wakilci Amurka a gasar Olamfik. Sunansa Bill Russell.

Auerbach ya san ciwon da ke damunsa. Yana da Bob Cousy, gwanin raba ƙwallo na zamanin, yana da Bill Sharman mai saitin hannu. Boston na zuba maki fiye da kowa a gasar, amma abin da ake zuba mata bai yi nisa da abin da take zubawa ba, kuma har lokacin ba ta taɓa ɗaga kofi ba. Masu jifa sun ishe shi. Wanda ya rasa shi ne mutumin da zai tsaya a gindin kwando ya hana, ya kuma cafo ƙwallon in ta bugi allo ta dawo.

Tun kafin Russell an san dogon mutum na iya hana ƙwallo shiga. A farkon shekarun 1940, Bob Kurland na Oklahoma A&M da George Mikan na DePaul sukan kafe ne kawai a ƙarƙashin kwando, wanda tsayinsa ƙafa 10 ne tun da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a 1891, su jira ƙwallo ta taho za ta faɗa, su daka tsalle su make ta. Abin ya kai ga hukumar wasannin jami'o'i ta kafa doka a 1944 cewa da zarar ƙwallo ta gama hawa ta fara gangarowa kan kwando, babu mai taɓa ta. Wanda ya taɓa, an ba abokan hamayya makinsu. Wannan doka ita ta haifi sana'ar da muke magana a kai. Daga ranar, duk mai son kaɗe jifa dole ya tarye ta tana kan hawa, a cikin ƙiftawar ido tsakanin barinta hannun mai jifa da kai wa ƙololuwarta. Tsawo kaɗai bai isa ba, sai da sanin lokaci.

Masu horarwa na wancan zamani sun ɗauki darasin ta wata fuska. Abin da suke koya wa yara shi ne mai tsaron gida kada ya kuskura ya ɗaga ƙafa daga ƙasa, domin wanda ya yi tsalle an yaudare shi an wuce. Russell ya taso a Oakland bayan iyayensa sun baro Louisiana, kuma a makarantar sakandare ta McClymonds ba wani tauraro ba ne. Amma ɗan tsalle ne na gaske, wanda a gasar tsallen sanda ya taɓa haye sama da mita 2, don haka bai ga dalilin da zai sa ya manne a ƙasa ba alhali yana iya kai hannu inda babu mai kaiwa. Shi da abokin ɗakinsa K.C. Jones suka riƙa zama suna tattauna wasan ta fuskar kusurwa da tazara: in mai ƙwallo ya taho ta nan, taku nawa ya rage masa, ta ina zai saki, a ina ya kamata a tare shi. Da wannan tunani San Francisco ta ci kofin jami'o'in Amurka a 1955 da 1956.

Yadda Russell yake kaɗe ƙwallo shi ne abin da ya kamata mai son fahimtar wannan aiki ya tsaya a kai. Bahago ne, saboda haka hannunsa mai ƙarfi yana fuskantar hannun daman mai jifa kai tsaye, ba sai ya gitta jikinsa ba. Ba ya riga mutum tashi. Yakan bari sai mai jifa ya bar ƙasa, ya rasa damar canza shawara, sannan ya bi shi. Mafi muhimmanci kuma, ba ya make ƙwallo ta fita waje ta faɗa cikin 'yan kallo. Wanda ya yi haka ya samu tafi, amma ƙwallon ta koma hannun waɗanda ya hana, za su sake gwadawa. Russell da yatsu yake shafar ta, ya karkata ta wajen Cousy ko wani nasa, ko ya tausasa ta ya cafe da kansa. Kafin abokan hamayya su juyo, Boston ta kai ɗaya gefen ta zuba. Hanawa ɗaya ta zama maki biyu da ba a ci su ba da maki biyu da suka ci. Shahararren gudun nan na Celtics da ya gagari kowa shekara da shekaru daga hannun hagun Russell yake tasowa.

Akwai kuma abin da ba ya bayyana sai an zura ido. Russell ya sha bayyana cewa ba kowace jifa yake nufin kaɗewa ba. So yake mai jifa ya zauna cikin shakkar ko wannan ce za a kaɗe. Mutumin da aka mayar wa ƙwallo sau biyu, a karo na uku zai yi gaggawar saki, ko ya ɗaga ta fiye da yadda ya saba, ko ya fasa shigowa gaba ɗaya ya tsaya daga nesa. A lissafin gasar na yau, jifar da aka yi daf da kwando takan shiga fiye da sau 6 cikin 10, ta tsaka-tsaki kuwa wajen sau 4. Duk wanda ya tilasta wa ƙungiya musanya ta farko da ta biyu a tsawon minti 48 ya rage mata maki da yawa ko da bai taɓa ƙwallon ba. Sannan abokan wasansa huɗu da ke waje sukan samu ƙarfin guiwar matsa wa nasu mutanen, su yi kasadar kai hannu su sato ƙwallo, saboda sun san in an wuce su akwai wanda ke jira a baya.

A kakarsa ta farko aka ga amfanin cinikin. Wasa na bakwai na zagayen ƙarshe a 1957, da St. Louis ɗin nan dai, saura ƙasa da minti guda, Jack Coleman ya samu ƙwallo shi kaɗai ya nufi kwando. Russell, wanda ke can ɗaya ƙarshen fili, ya sheƙo da gudu ya cim masa ya kaɗe. Aka tafi ƙarin lokaci har sau biyu, Boston ta ci 125 da 123. Shekarar da ta biyo ya ji ciwo a idon sawu ana tsakiyar zagayen ƙarshe, St. Louis ta ɗauke kofin da Hagan da Macauley a cikinta. Daga 1959 zuwa 1966 kuwa babu wanda ya sake taɓa kofin sai Boston, sau 8 a jere. Jimilla Russell ya ci kofi 11 cikin kaka 13, biyun ƙarshe yana wasa yana kuma horar da ƙungiyar, domin a 1966 ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a NBA. Makinsa a kowane wasa 15 ne da ɗoriya kaɗan. A kakar da ta biyo bayan ritayarsa a 1969, Boston ta ci wasa 34 ta sha kashi a 48.

Duk wannan ya yi shi ne a yankin da wasu mazaunansa suka fasa gidansa da ke Reading suka yi masa ɓarna da ƙazanta saboda launin fatarsa. Ya halarci gangamin Washington na 1963, ya kuma zauna kusa da Muhammad Ali a Cleveland a 1967 lokacin da Ali ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam. Ina ganin taurin ran da ya tsaya da shi a waje shi ne wanda ya tsaya da shi a gindin kwando.

Ba a maganar Russell a bar Wilt Chamberlain. Wilt ya fi shi tsawo, ya fi shi ƙarfi, ya zuba maki 100 a wasa guda ranar 2 ga Maris 1962, kuma a wannan kakar matsakaicinsa 50.4 ne. Saboda shi aka ƙara faɗin filin da ke gaban kwando zuwa ƙafa 16 a 1964, kamar yadda aka mayar da shi ƙafa 12 daga 6 a 1951 saboda Mikan. Shi ma gwanin kaɗewa ne matuƙa. Abin lura shi ne kofunansa biyu, na 1967 da Philadelphia da na 1972 da Los Angeles Lakers, sun zo ne a kakannin da ya rage jifa ya mai da hankali ga tsaro da cafe ƙwallo da raba ta.

Sai dai babu ko ɗaya daga cikin su biyun da ke da kaɗewa guda a kundin NBA. Hukumar gasar ba ta fara ƙirga wannan aiki ba sai kakar 1973-74, bayan Russell ya daɗe da ajiye takalmi, Wilt kuma ya tafi watanni kaɗan kafin nan. Wanda ya fara cin gajiyar ƙirgar shi ne Elmore Smith na Lakers, da ya kaɗe 17 a wasa guda da Portland a watan Oktoban 1973, adadin da har yau ba a kai ba. Ƙirgar ta yi amfani, don ta sa an fara biyan masu wannan aiki haƙƙinsu. Amma a ganina ta kawo illa ma. Da lamba ta shigo, sai wasu suka fara farautar lambar: su bi kowace jifa da tsalle, su bar mutuminsu shi kaɗai ya cafe abin da ya dawo, su tara laifuka har alƙalin wasa ya kore su a na shida. Irin wannan ɗan wasa takardarsa takan yi kyau, ƙungiyarsa kuma ana zuba mata.

Shekarun 1980 su ne zamanin ƙattai. Mark Eaton na Utah Jazz, mai tsawon mita 2.24, makanike ne yana gyaran mota kafin wani mai horarwa ya lallashe shi ya koma makaranta ya yi wasa. Ba shi da gudu, kuma shi da bakinsa ya ba da labarin cewa Wilt ne ya taɓa ja shi gefe a filin jami'ar UCLA ya ce ya daina bin ƙananan yara, ya tsaya ya yi gadin kwando. A kakar 1984-85 ya kaɗe 456, wato 5.56 a kowane wasa. Shekara guda bayan haka Manute Bol, ɗan ƙabilar Dinka daga kudancin Sudan mai mita 2.31, ya kaɗe 397 a kakarsa ta farko da Washington. Bol ya gama wasa da kaɗewa 2,086 da maki 1,599, wato abin da ya hana ya fi abin da ya ci yawa. Mafi yawan dukiyar da ya tara ta tafi ne ga mutanensa da yaƙi ya ɗaiɗaita, har ya rasu a 2010.

Wanda ya haɗa komai wuri guda ɗan Najeriya ne. An haifi Hakeem Olajuwon a Legas a 1963, kuma ya taso yana tsaron raga a ƙwallon ƙafa yana kuma buga ƙwallon hannu. Yana da wajen shekara 15 makarantarsa, Kwalejin Malamai ta Musulmi da ke Legas, ta tafi gasar wasanni a Sakkwato. Da tawagar ƙwallon hannu ya zo, aka roƙa aka sa shi a ta ƙwallon kwando, daga nan bai waiwaya ba. Ya tafi Jami'ar Houston, sannan a 1984 Houston Rockets ta ɗauke shi a matsayi na farko, a shekarar da aka ɗauki Michael Jordan na uku. Shi kansa yakan danganta saurin ƙafarsa da iya karanta inda ƙwallo za ta bi ga shekarun da ya yi a raga.

Eaton bango ne da aka kafa wuri ɗaya. Hakeem kuwa yana iya fitowa ya tari ƙaramin ɗan wasa a waje, ya bi shi taku da taku, in an ba wani ya juya ya koma ya riga shi isa kwando. Kaɗewarsa 3,830 ita ce mafi yawa a kundin gasar, amma lambar da ta fi nuna irinsa ita ce sace ƙwallo sau 2,162, abin da aka saba gani a wajen gajerun da ke tsaron waje. A 1994 ya zama gwarzon gasa, gwarzon tsaro, kuma gwarzon zagayen ƙarshe, duka a kaka ɗaya. Yana azumin Ramadan yana buga wasa, har a Fabrairun 1995, watan da ya zo daidai da azumi, aka zaɓe shi gwarzon wata.

Kaɗewar da aka fi tunawa da shi ta faru ne nesa da kwando. Wasa na shida na zagayen ƙarshe a 1994, New York Knicks na gaba da wasa 3 da 2, saura ɗaya su ɗaga kofi. Houston na da 86, New York 84, saura daƙiƙa kaɗan. John Starks, wanda ya zuba 16 a rubu'in ƙarshe kaɗai, ya bi ta bayan Patrick Ewing ya samu sarari a gefen hagu, ya tashi daga bayan layin maki uku. In ta shiga kofi ya tafi New York. Hakeem ya bar Ewing ya fito, ya ɗan zame, ya miƙe, ya shafi ƙwallon da bakin yatsa, ta faɗi ba ta kai ba. Houston ta ci wasa na bakwai 90 da 84, ta kuma sake ɗaukar kofin a 1995. Tun daga 2022 kambun gwarzon tsaro na NBA sunansa yake ɗauke da shi.

A wannan shekarar ta 1994 wani ɗan Afirka ya kafa nasa tarihin. Dikembe Mutombo, ɗan Kinshasa da ya tafi Jami'ar Georgetown da niyyar karatun likita, ya kaɗe 31 cikin wasa biyar lokacin da Denver, ta takwas a jeri, ta fitar da Seattle ta ɗaya, karo na farko da hakan ya faru. Girgiza yatsan da yake yi bayan ya mayar wa mutum ƙwallo ya zagaye duniya, kuma wani ɓangare ne na aikin: yana tuna wa mai shigowa abin da ya same shi ɗazu. Ya ci kambun tsaro sau 4, ya gama da 3,289, na biyu bayan Hakeem. Asibitin da ya gina a Kinshasa da sunan mahaifiyarsa, Biamba Marie, ya fara karɓar marasa lafiya a 2007. Ya rasu a watan Satumban 2024.

Daga nan doka ta sake juyawa. A 2001 aka halatta tsaron yanki, amma aka hana mai tsaro zama a filin gaban kwando fiye da daƙiƙa 3 in ba wani yake gadi ba. Irin zaman da Eaton ya yi ya ƙare ke nan. Yanzu sai dogo ya riƙa shiga yana fita yana ƙirga lokaci a ransa. Ben Wallace, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi da ya fito daga makaranta kuma bai kai sauran tsawo ba, ya ƙware a wannan har Detroit ta doke Lakers ta Shaquille O'Neal da Kobe Bryant 4 da 1 a 2004. Roy Hibbert na Indiana ya shahara da wata dabarar: ya tashi sama sak, hannaye a miƙe, ya bar mai shigowa ya yi karo da ƙirjinsa, alƙali ba shi da abin hurawa.

A 2013 aka kammala sanya kyamarorin bin sawun 'yan wasa a dukkan filayen gasar, sai abin da Russell ya daɗe yana faɗa ya samu lamba. Aka iya auna kashi nawa ke shiga in wane yana kusa, da kuma sau nawa ake fasa zuwa in yana fili. Masu bincike Kirk Goldsberry da Eric Weiss sun nuna a wannan shekara cewa babban tasirin Dwight Howard shi ne yadda abokan hamayya ke rage kusantar kwando in yana wurin. Masu zaɓe ma sun fara gani da wannan ido, don a 2013 Marc Gasol na Memphis suka ba kambun tsaro, alhali Serge Ibaka ne ya fi kowa kaɗewa.

Amma a daidai lokacin da aka gane darajar mai gadin kwando, sai aka gano hanyar raba shi da kwandon. A kakar da Eaton ya kafa tarihinsa, ƙungiya takan gwada jifar maki uku wajen sau 3 a wasa. A 2023-24 ta kai wajen 35. In duka biyar ɗin da ke fili sun iya jifa daga nesa, dogo yana tsaka mai wuya: ya tsaya ciki a jefa ta kansa, ya fita a wuce shi. Golden State ta ci kofin 2015 da Draymond Green, mai tsawon da bai kai mita 2 ba, a tsakiya, Hibbert kuma cikin shekara biyu ya rasa ƙungiya. Rudy Gobert, ɗan Faransa, ya ɗanɗana wannan a Yunin 2021. Utah na gaba da maki 25 a wasa na shida da Los Angeles Clippers, sai Clippers suka baje gajeru biyar a waje, Terance Mann ya tsaya a kusurwa ya zuba 39, aka fitar da Utah. Zargi ya hau kan Gobert, kuma ni ban yarda da rabon zargin ba. Masu tsaron waje na Utah ne ake wucewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ana buƙatarsa a wuri biyu lokaci guda. Da ya koma Minnesota ya samu masu riƙe nasu mutanen, ƙungiyar ta fi kowa tsaro a 2023-24, ya ci kambunsa na huɗu, suka kai wasan ƙarshe na yankin Yamma karo na farko tun 2004.

Abin da ƙungiyoyi ke nema yanzu shi ne tsawon Eaton da ƙafar Hakeem a jiki ɗaya, shi ya sa San Antonio ta ɗauki Victor Wembanyama a matsayi na farko a 2023. Ɗan Faransa ne mai tushe a Kwango ta wajen uba, tsawonsa ya haura mita 2.20, in ya buɗe hannayensa sukan kai wajen mita 2.40. Yana iya kasancewa taku biyu daga mai jifar maki uku ya kuma taɓa ƙwallon. A kakarsa ta farko, yana ɗan shekara 20, ya kaɗe 254 cikin wasa 71, ya fi kowa a gasar, har da guda 10 a dare ɗaya a Toronto cikin Fabrairun 2024. An sha ganin manyan 'yan wasa sun kutso har gindin kwando, sun ɗaga kai sun gan shi, sun juya da ƙwallonsu waje. Da zarar ya zauna hutu kuwa sai hanya ta buɗe, kuma San Antonio wasa 22 kawai ta ci cikin 82 a wannan kakar.